Ikko ko Amurka: Ina Mazaunin Kano Zai Kai Takardar Iyalinsa?

A cikin mas'alolin da zamani ya kawo mana, waɗanda magabata ba su san su ba balle su bar mana fatawa a kansu, akwai wata da takan taso jefi-jefi a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni bayan sallar magariba, musamman a ƙofar gidajen ma'aikatan asibiti da malaman jami'a, ita ce mas'alar mutumin da yake ɗan ƙasar Amurka a takarda alhali kuwa mazaunin Kano ne a zahiri, ya yi aure a nan, sa'an nan ya ƙudura niyyar ƙaura da iyalinsa zuwa can. Tambayar da ake jayayya a kanta ita ce: shin ina ya fi dacewa ya shigar da takardar neman izinin shigar matarsa, a ofishin jakadancin da ke ƙasar da yake zaune, inda za a gan shi ido da ido, ko kuwa ya aika da ita ƙetaren teku, wurin hukumar shige da fice da ke cikin Amurka, ya zauna jiran amsa?

Kada mai karatu ya zaci irin waɗannan mutane ba su kai a ɓata tawada a kansu ba. Bayan da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, arzikin man fetur kuma ya buɗe a shekarun 1970, gwamnatoci sun tura samari da dama karatu a jami'o'in Amurka, waɗansu da matansu, har Allah ya ba su haihuwa a can. Tsarin mulkin ƙasar kuwa, tun gyara na 14 da aka yi masa a 1868, ya hukunta cewa wanda aka haifa a cikinta ɗanta ne. Jariran nan aka dawo da su a goye, suka yi allo suka yi boko a nan, ba su san Amurka ba sai ta wani fasfo mai shuɗin bango da ke ajiye a ƙasan akwatin mahaifiya, yau ga shi waɗansu likitoci ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu matan aure a Darmanawa ko Hotoro. Akwai kuma kashi na biyu, wato waɗanda suka tafi da girmansu, suka daɗe har suka sami shaidar zama 'yan ƙasa, sa'an nan suka komo gida saboda tsufan iyaye ko neman abokin zama. Zan riƙa cewa miji da mata don sauƙin magana, amma hukuncin ɗaya ne idan matar ce mai fasfon, mijin ne ake nema wa izini.

Wajibi ne a fara da bayyana yadda al'amarin yake tafiya, domin rabin gardamar da ake yi a majalisa tana faruwa ne saboda kowa yana magana a kan zamanin da ya sani. Takardar da ake magana a kanta fom ne da ake kira I-130, wanda ɗan ƙasa yake cikewa don ya tabbatar da abu biyu, cewa shi ɗan ƙasa ne, kuma wannan matarsa ce ta halal da aure na gaskiya. Hukumar da ke da ikon duba shi ita ce USCIS, wadda aka kafa a 2003 ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida. Idan ta amince, sai ta miƙa fayil ɗin ga cibiyar biza da ke garin Portsmouth a jihar New Hampshire, a can a tattara kuɗi da sauran takardu, daga nan a turo shi ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ikko, domin duk bizar ƙaura ta 'yan Nijeriya a can ake yin ta, Abuja kuwa tana kula da bizar ziyara da fasfon 'yan ƙasarsu. A da, mazaunin ƙasar waje yakan tsallake matakan nan biyu na farko, ya ɗauki takardarsa ya kai wa jami'in jakadanci hannu da hannu. Ranar 15 ga Agusta 2011 aka sauya wannan, aka ce wanda ke zaune a ƙasar da hukumar ba ta da reshe ya aika da takardarsa Amurka. Daga 2019 hukumar ta shiga rufe yawancin rassanta na ƙasashen waje, daga 1 ga Fabrairu 2020 kuma ta daina karɓar takardar a rassan da suka saura a matsayin al'ada.

Saboda haka, in za mu ari harshen malaman usulu, aikawa Amurka ita ce azima, kaiwa ofishin jakadanci kuwa ruhusa ce da ba a bayar da ita sai da uzuri. Uzuran da aka ambata sun haɗa da rashin lafiya mai buƙatar tafiya da gaggawa, da barazana ga rai kamar tarzoma ko bala'i, da sojan da aka sauya wa wurin aiki ba zato, da yaron da yake gab da wuce shekarun da doka ta ƙayyade, da mutumin da aka ba aiki a Amurka ko aka mayar da shi can da ɗan gajeren wa'adi. Jami'in jakadanci shi ke da ikon ya karɓa ko ya ƙi, kuma in ya ƙi babu ɗaukaka ƙara. Ke nan gardamar ta kasu biyu, ko da yake masu yin ta ba su cika rabewa ba: akwai maganar abin da ya kamata doka ta kasance, akwai kuma maganar abin da ya kamata mutum ya yi yau a ƙarƙashin dokar da ke akwai.

Masu goyon bayan Ikko hujjarsu ta farko lokaci ne, kuma hujja ce mai nauyi. Takardar da aka aika Amurka takan shiga layi ɗaya da ta dubun dubatar mutane, sau da yawa ta haura shekara kafin a buɗe ta, sa'an nan a ƙara watannin cibiyar biza, a ƙara jiran ranar ganawa a Ikko. Wadda aka karɓa hannu da hannu kuwa, tun da jami'in da ya karɓe ta shi ne zai ba da bizar, takan ƙare cikin 'yan watanni. Suka ce wannan tazara ba lissafin kalanda ba ce kawai, domin a cikinta ne aikin da aka yi wa mutum alkawari yake kuɓucewa, a cikinta ne miji yake tafiya shi kaɗai ya bar amarya a ɗakin uwarsa tana ƙirga watanni, ga surutun dangi, ga waswasin shaiɗan. Shari'armu ba ta ɗauki nisan miji da matarsa abin wasa ba: wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa iyalinsa wata huɗu aka ɗiba masa, fuƙaha'un Malikiyya kuma sun ba mace damar kai kuka gaban alƙali idan doguwar gaibar miji ta cutar da ita, ko da yana aiko da abinci. To, in addini ya ga wata huɗu da yawa, yaya za a ce shekara ɗaya da rabi ba kome ba ce?

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma ita ce na fi so a tsaya a kanta. Abin da hukumar take nema a wurin mai takarda shi ne bayyina cewa aurensa na zama ne, ba na neman biza ba, irin shaidar da ta saba gani kuwa ita ce asusun banki na haɗin gwiwa, da takardar hayar gida mai ɗauke da sunan miji da mata, da hotunan ango da amarya suna tsaye kafaɗa da kafaɗa gaban mai ɗaura aure. Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a masallacin Umar bin Khaɗɗab da ke Dangi, ko a kowane zaure na Unguwa Uku, ya san abin da hoton ranar zai nuna: maza ne zalla cikin manyan riguna a kan tabarmi, waliyyin amarya a gefe ɗaya, wakilin ango a ɗaya gefen, ana ƙirga sadaki a bainar shaidu, maroƙi yana ɗaga murya yana sanar da jama'a an ɗaura, yara suna wawar alawa da dabino. Amarya tana cikin gida nesa da wurin, ango ma sau da yawa yana can baya cikin abokansa, wani lokaci ma ba ya gari. Gidan da za su zauna na mahaifinsa ne, babu takardar haya. Kuɗinta nata ne, nasa nasa ne, kamar yadda shari'a ta raba. Ma'aikacin da ke zaune a wani ofishi a tsakiyar Amurka, wanda bai taɓa jin kalmar waliyyi ba, in ya buɗe wannan fayil ya ga aure ba amarya, ba asusu, ba haya, me ake tsammanin zai raya a ransa?

A nan ma akwai wani tarko na doka da mutane ƙalilan suka sani. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura alhali ma'auratan ba sa wuri ɗaya a gaban juna, sai fa in an tabbatar sun tare bayan ɗaurin. A wurinsu wannan nau'i ne na aure da ba a saba gani ba, a wurinmu kuwa kusan kowane aure da wakilci ake ƙulla shi. Ga mazaunin Kano da ke ɗaki ɗaya da matarsa, har ga 'ya'ya, warware wannan shubuha ba wuya, amma sai an san da ita tukuna, a kawo hotunan kamu da na kai amarya da na suna, da takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko daga masallacin da aka ɗaura, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya. Masu goyon bayan Ikko suna cewa jami'in da ke zaune a ƙasar, yana da ma'aikata 'yan ƙasar a gefensa, zai fahimci wannan da tambaya ɗaya, alhali na nesa sai ya rubuto wasiƙar neman ƙarin hujja, wadda ita kaɗai takan ci watanni. Malamanmu sun san bambancin alƙalin da masu shari'a suka tsaya a gabansa da wanda wasiƙar wani alƙali kawai ta iso masa, shi ya sa suka tsananta sharuɗɗan irin wannan wasiƙa.

Ɗaya ɓangaren ba su rasa abin cewa ba, kuma waɗanda suka fi ƙarfin murya a cikinsu su ne waɗanda suka taɓa bin hanyar Ikko da ƙafarsu. Na ji wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana amsa wa ɗan ƙanensa da ya zo masa da wannan magana, ya ce, "Likita, kana cewa na kusa ya fi sanin mu. Wa ya gaya maka Ikko kusa take? Wanda zai duba ka a can, auren coci da na rajista ya fi gani, ɗaurin auren zaure baƙo ne a wurinsa kamar yadda yake baƙo a wurin na Amurka." Yaron ya ce, "Baffa, ai ko ba kome zai ga fuskata." Dattijon ya ce, "Zai gani, ta bayan gilashi, minti nawa?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Tun da aka rufe ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Kaduna a shekarun 1990, babu wani jami'in biza da ke zaune a tsakiyar ƙasar Hausa, tsakanin Kano da Ikko kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Mai neman ruhusa dole ya bayyana da kansa da takardunsa na asali, sa'an nan a sake komawa don gwajin likita da ganawar matar. Wanda ya bi azima kuwa, tun daga ƙarshen 2019 yana iya cike fom ɗinsa ta intanet yana zaune a falonsa, ko a ɗaya daga cikin shagunan buga takardu da ke kan titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, ya biya dala 625 bisa farashin da aka sa tun 1 ga Afrilu 2024, ko dala 675 in ta takarda ya aika, ba zai ga Ikko ba sai sau ɗaya a ƙarshe.

Suna kuma da hujja ta fuskar hakki, wadda masu ilmin doka a cikinsu suka fi jingina da ita. Jami'in jakadanci ba shi da ikon ya amince da takarda sai wadda ingancinta ya bayyana ƙarara. In ya ga wata 'yar ƙura a cikinta, ba zai yanke hukunci ba, sai ya tattara ta ya aika wa hukumar, mai ita ya koma ƙarshen layin da ya gudu, ya yi asarar watanni da kuɗin jirgi. In kuwa hukumar ce ta ƙi takarda, tilas ta rubuta dalilinta, kuma mai takarda yana da damar ɗaukaka ƙara gaban majalisar da aka kafa don haka. Hukuncin jami'in biza a kan biza ba haka yake ba, kotuna ba su cika leƙa shi ba. A watan Yuni na 2024 ma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wata mata mai suna Sandra Muñoz da aka hana mijinta ɗan El Salvador biza, ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa wani tabbataccen hakki na a shigo masa da abokin aurensa ba. Saboda haka, in ji su, duk matakin da za a iya ajiye shi a hannun hukumar da ake iya tuhumarta, gara a bar shi a can. Sun ƙara da cewa tun dokar 2006 da ta wajabta a binciki ko mai neman yana da tarihin laifin cin zarafin yara, binciken yana hannun hukumar cikin gida ne, kuma wannan kariya ce ga matar da za a ɗauka a kai ƙasar da ba ta da kowa. A wannan gaɓa ban ga abin da za a mayar musu ba, duk da cewa jami'in jakadanci ma ba ya amincewa sai an yi masa wannan binciken.

Hujjarsu mafi kaifi ita ce wadda take kai hari ga tushen maganar ɗaya ɓangaren. Suka ce wace rabuwa ake kuka da ita? Mutumin da muke magana a kansa mazaunin Tarauni ne, matarsa tana gidansa, tuwon dare tare suke ci. Ko takarda ta shekara biyu a Amurka, ba abin da ya raba su. Wanda ya cancanci tausayi shi ne ɗan ƙasar da ke zaune a can shi kaɗai, matarsa tana nan, kuma shi ba a ba shi wata gajeriyar hanya ba. Da wane adalci za a ce wanda ke tare da iyalinsa ya tsallake wanda ke nesa da nasa? Bugu da ƙari jinkirin yana da amfaninsa. Bizar ƙaura in ta fito ba ta wuce wata 6 a hannu, dole a tafi, kuma katin zama na dindindin da za a ba matar, wanda ake kira girin kad, na mazauni ne, wadda ta karɓa ta dawo Kano ta shekara tana iya rasa shi. Har ila yau, matar da ta shiga ƙasar kafin aurenta ya cika shekara 2 katin wucin gadi ake ba ta, sai an sake shigar da wata takarda a cire sharaɗin, wadda ta shiga bayan haka kuwa nata cikakke ne tun farko. Sau da yawa doguwar hanya ita ce take tsallakar da ma'aurata wannan iyaka ba tare da sun nema ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce masu azima sun yi rinjaye. Amma akwai wata takarda ta biyu da take rushe rabin wannan hujja, ita ce I-864, wato alkawarin ɗaukar nauyi, wanda mu a harshenmu za mu kira shi wajabcin nafaƙa da aka rubuta aka sa hannu. Dole miji ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin Amurka take fitarwa kowace shekara, ya kawo shaidar ya shigar da bayanin harajinsa, abin da yake kan ɗan ƙasa ko ina yake zaune a duniya, da yawa daga cikin waɗanda aka dawo da su a goye kuwa ba su taɓa jin labarinsa ba. Albashin naira da zai yanke ranar da ya bar aiki ba a lissafa shi. Ana iya cike giɓin da dukiya, in ta kai ninki 3 na abin da ya gaza kuma ana iya mayar da ita kuɗi cikin shekara, ana kuma iya samun wani ɗan'uwa mazaunin can ya tsaya masa. Abin da ba wanda zai iya tsaya masa a kai shi ne sharaɗin mazauni: sai ya tabbatar gidansa na ainihi a Amurka yake, ko kuwa zai koma ya kafa shi kafin matar ta shiga ko tare da ita. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce samun aiki da hayar gida a can, mai ba da aiki kuwa ba zai jira shekara ɗaya da rabi ba. Ga yadda rabuwar da aka ce babu ita take shigowa ta taga: miji ya tafi don ya cika sharaɗin, matar ta zauna don layin bai zo kanta ba.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa, wato sauyin iska a fadar shugaban Amurka. Ranar 31 ga Janairu 2020 aka fitar da sanarwar dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya, ta fara aiki 21 ga Fabrairu na shekarar, ba a ɗage ta ba sai 20 ga Janairu 2021 da sabuwar gwamnati ta hau; a watan Disamba na 2025 kuma aka sake sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Wanda fayil ɗinsa ya ƙare cikin wata huɗu yana iya wucewa kafin a rufe ƙofa, wanda nasa ya ɗauki shekara biyu yana iya tarar da ita a garƙame bayan ya biya kome ya sayar da motarsa. Masu azima za su ce wannan ƙaddara ce, tana iya faɗa wa kowa, kuma haka ne. Sai dai wanda ya daɗe a hanya ya fi wanda ya yi sauri haɗuwa da hadari.

Abu ɗaya ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kansa ba, shi ne cewa babu ƙofar da take buɗe wa mata ta biyu. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, ta farko, muddin aurenta yana nan, kuma wanda aka fahimci zai shiga ƙasar don ya zauna da mace fiye da ɗaya ana hana shi. Wanda ya ɓoye uwargida don ya shigar da amarya ya sani ƙarya a wannan takarda tana iya jawo wa matar haramcin shiga na har abada, ko a Ikko aka kama shi ko a Amurka.

Kafin mu cika baki da zargin mutanen ƙetare, ya kamata mu waiwayi namu gidan. Sashe na 26 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan dama ba, kuma da aka kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Tarayya ranar 1 ga Maris 2022 sai aka kayar da shi. 'Yar Kano da ta auri Bahaushen Maraɗi ko na Kumasi, wanda yarensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, ba ta da inda za ta kai irin wannan takarda sam, balle ta yi gardamar wace ƙofa ta fi. Ingila kuma ta bi wata hanya dabam, matar ce take nema daga ƙasar da take zaune, amma tun Afrilun 2024 sai mijin ya nuna samun fam 29,000 a shekara. 

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne, ta fuskar abin da ya kamata doka ta kasance, masu goyon bayan Ikko sun fi kusa da daidai, ba don jami'in Ikko ya fi sanin zauren Kano ba, wannan Baffa ya rushe shi, sai don dokar da kanta ta ɗora wa mazaunin waje sharuɗɗa biyu masu karo da juna, ta ce ya jira a layi mai tsawo kuma ya nuna yana gab da komawa. Wanda ya shekara da shekaru a ƙasa, aurensa ya daɗe, ga 'ya'ya, zamansa kansa ya isa uzuri, kamar yadda yake kafin 2011. Hujjar adalcin layi tana da kyau, amma maganinta a gajarta wa kowa, tun da tsawaita wa na Tarauni bai rage wa na Amurka ko kwana ɗaya ba.

Ta fuskar aiki kuwa, mutum ba shi da zaɓin da majalisa take zaton yana da shi, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne tartibi. Wanda ya riga ya shigar da takardarsa a hukumar, ko ta intanet ko ta gidan waya, ya rufe wa kansa ƙofar Ikko a kan wannan matar, domin ba a yarda jami'in jakadanci ya karɓi takarda ta biyu ba. Abin da ya rage masa shi ne ya roƙi hukumar ta gaggauta, ita kuma ta ga dama. Saboda haka likitan da wasiƙar aiki ta iso masa da ranar farawa nan da wata uku, ko wanda rashin lafiya ta taso wa iyalinsa, ya fara rubuta wa ofishin Ikko ya bayyana uzurinsa da shaidarsa, ya jira amsa, in an ƙi sa'an nan ya juya ga azima bai yi asarar kome ba sai 'yan makonni. Wanda kuwa ba shi da uzuri sai niyya, kada ya ƙirƙiro na ƙarya, kada kuma ya zauna jiran ranar da uzuri zai zo. Ya shigar da takardarsa ta intanet tun yanzu, ya yi amfani da watannin jiran wajen gyara harajin shekarun baya, da karɓo shaidar aure da ta haihuwa masu hatimi, da daidaita rubutun sunan matarsa a fasfo da sauran takardunta, domin Hauwa'u a wata takarda da Hauwa a wata ya isa ya jawo tambayar da za a koma Kano neman amsarta.